Wasiƙa: A Daina Bi Ta Ingilishi Wajen Koya Wa Ɗalibanmu Kore Jimla a Faransanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon a ba ni fili domin in yi magana a kan wani ɓangare guda na darasin Faransanci a makarantunmu, wato yadda ake koya wa ɗalibai kore jimla, ma'ana yadda mutum zai ce abu bai faru ba, ko ba ya faruwa, ko ba zai faru ba. Na san wani mai karatu zai ce wannan magana ba ta kai a kawo ta shafin jarida ba, to amma duk malamin da ya taɓa riƙe jan biro yana duba takardun jarrabawar Faransanci ya san cewa a nan ne maki ke zubewa, haka kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa gaban jami'in kwastan a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni ya san cewa tsakanin "ina da shi" da "ba ni da shi" akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Tun a shekarar 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, daga baya kuma kundin manufofin ilimi na ƙasa ya sanya shi cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare. Kafin nan ma, a 1991, an kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry ta jihar Legas, inda ɗaliban jami'o'i masu nazarin harshen ke zuwa su zauna domin bakinsu ya faɗa. Dalilin wannan ƙoƙari a fili yake, domin Benin da Nijar da Cadi da Kamaru duk da Faransanci suke aiki, iyakarmu da Nijar kaɗai kuwa ta kai kimanin kilomita 1,500. Ko da yake a 2025 hukumomin Nijar sun ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, da shi ake rubuta takardun ofis da rasit da bayanin da ke jikin kwalin magani. Abin da ke damuna shi ne, littattafan da ke hannun ɗalibanmu an tsara su ne domin wanda ya tashi da Ingilishi a bakinsa, saboda haka yaron Katsina ko na Daura sai ya fara juya tunaninsa daga Hausa zuwa Ingilishi, sannan daga Ingilishi zuwa Faransanci. A babin korewa kuwa wannan zagaye asara ce tsantsa, domin Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci nesa ba kusa ba.

A Ingilishi, idan za a kore yawancin aikatau sai an ɗauko mataimaki, wato do ko does ko did, a haɗa shi da not. Faransanci ba shi da wannan tsari ko kaɗan. Yaron da aka saba masa da fassara kalma bayan kalma, da zarar ya ga I do not like rice sai ya buɗe ƙamus ya nemi do, ya tarar an rubuta faire, ya dawo ya rubuta Je ne fais pas aimer le riz. Wannan jimla tana yawan bayyana a takardun ɗalibai, kuma abin takaicin shi ne tana da ma'ana a Faransanci, sai dai ma'anar ita ce "ba na sa a so shinkafa", domin idan faire ya gabaci wani aikatau yana nufin sa wani ya yi aikin. Abin da yaron ke son faɗa shi ne Je n'aime pas le riz. Babu inda Hausa za ta kai shi ga wancan kuskure, tunda ba mu da wani mataimaki da muke ɗaukowa idan za mu ce ba ma son abu. Kuskuren tsintar sa ya yi a kan hanya, kuma mu malamai ne muka bi da shi ta can.

Ainihin ƙa'idar Faransanci ita ce kalmomi biyu ke kore jimla, ne a gaban aikatau, pas a bayansa. Je mange ya koma Je ne mange pas, Il travaille ya koma Il ne travaille pas. Idan aikatau ya fara da wasali ko da harafin h da ba a furtawa, sai ne ta gajarce ta koma n', kamar a Je n'écoute pas da Elle n'habite pas ici. Masu rubuta littattafai domin Turawan Ingila da Amurka kan sha wahala wajen shigar da wannan a kan ɗalibansu, har sukan kwatanta shi da yanka biyu na burodi da nama a tsakiya, saboda baƙon abu ne a wurinsu a ce korewa ɗaya tana da kai da wutsiya. Ɗan Bahaushe kuwa tun yana goye yake jin "ban ci ba", "ba ta zo ba", "ba za mu tafi ba", "ba shi ba ne". Idan malami ya rubuta "ba … ba" a gefe ɗaya na allo, ya rubuta "ne … pas" a ɗaya gefen, sai ka ga aji ya gyaɗa kai tun kafin a fara bayani. Abin da ake ɓata mako guda ana nanatawa ta hanyar Ingilishi, ana iya gama shi a darasi ɗaya.

Sai dai ba ina cewa harsunan biyu sun dace ta kowace fuska ba ne, kuma a wurin da suka rabu ne ma kwatancen ya fi amfani, domin yana nuna wa malami daidai inda ɗalibinsa zai yi tuntuɓe. A Hausa "ba" ta biyu takan jira sai an ambaci abin da aikin ya faɗa wa, shi ya sa muke cewa "ban ga direban motar ba". A Faransanci pas ba ta jira, manne take da aikatau, sai a ce Je ne vois pas le chauffeur. Ɗalibin da ya bi tsarin Hausa zai rubuta Je ne vois le chauffeur pas, wanda kuskure ne. Idan kuma aka zo shuɗaɗɗen lokaci, inda ake haɗa mataimaki, wato avoir ko être, da ainihin aikatau, to mataimakin kaɗai ake sakawa a tsakiya, shi ya sa daidai shi ne Je n'ai pas mangé da Elle n'est pas venue, ba Je n'ai mangé pas ba. Haka abin yake idan aikatau biyu suka biyo juna, na farkon ake kewayewa, kamar a Je ne vais pas partir, wato ba zan tafi ba, da Nous ne pouvons pas payer, wato ba za mu iya biya ba. Ƙananan wakilan suna irin su le, la, lui, me da te kuwa suna shiga ne tsakanin ne da aikatau, sai a ce Je ne le connais pas, wato ban san shi ba. Wannan ne ke sa jimlar umarni ta sauya fasali idan aka kore ta, domin Donne-le-moi yana komawa Ne me le donne pas, Lève-toi kuma ya koma Ne te lève pas. Ya kamata a kuma tuna wa ɗalibi cewa Hausa tana da hanyoyin korewa da dama, akwai "ba na ci" mai "ba" ɗaya, akwai "ba ni da", akwai "babu", akwai "kada", alhali rubutaccen Faransanci yana bin duk waɗannan da ne … pas ɗin nan guda. Ta nan kam Faransanci ya fi Hausa sauƙi, kuma faɗa wa yara haka yana kwantar musu da hankali.

Ɗalibai kan tambaya, me ya sa sai kalma biyu? Amsar tana cikin tarihin harshen. A tsohon Faransanci kalmar "ne" kaɗai ke korewa, ita kuwa ta samo asali ne daga non ta Latin. Kalmar pas asalinta suna ne mai nufin taku, daga passus, kuma an fara ƙara ta ne domin ƙarfafa magana, kamar mutum ya ce bai yi tafiya ko taku ɗaya ba. Akwai 'yan uwanta da aka yi amfani da su ta wannan hanya, wato point mai nufin ɗigo, da mie mai nufin ɓarɓashin burodi, da goutte mai nufin ɗigon ruwa, amma pas ce ta yi rinjaye har aka manta da ma'anarta ta farko, ta shiga kowace irin jimla. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, ya yi bayanin wannan juyi a 1917, inda ya nuna yadda kalmar korewa kan yi rauni a harshe, a kawo mata mai tallafa mata, daga baya mai tallafin ta karɓe aikin. Mu da muke cewa "ko sisi ba ni da shi", "ko ɗigo bai sha ba", "ko ƙyas ban ji ba", ba ma bukatar dogon sharhi kafin mu gane yadda aka yi taku ya zama kalmar korewa.

Inda zagayen Ingilishi ya fi yin ɓarna shi ne wurin kalmomin da ke maye gurbin pas, wato jamais, plus, rien da personne. A darasin Ingilishi an riga an tsorata yaro cewa korewa biyu a jimla ɗaya haramun ce, an ja masa jan layi a ƙarƙashin I did not see nobody, an ce masa ko dai ya ce nobody ya bar not, ko ya riƙe not ya ce anybody. Da wannan tsoron yake shigowa ajin Faransanci, sai ya ga Je n'ai vu personne ya rikice, ya rasa ko ya cire ne, ko ya ƙara pas. Da a ce an ajiye masa "ban ga kowa ba" a gefen jimlar, da ya ga tsari ɗaya ne. "Kowa" a tabbatacciyar jimla tana nufin dukkan mutane, amma idan ta shiga tsakanin "ba" da "ba" sai ta koma nufin ko mutum ɗaya babu. Personne ma asalinta mutum take nufi, har yau une personne mutum guda ne, sai ta haɗu da ne take zama "ba kowa". Haka rien, wadda ta fito daga kalmar Latin mai nufin abu, take daidai da "komai" a Je ne vois rien, wato ba na ganin komai, nulle part kuma take daidai da "ko'ina" a Je ne vais nulle part. Jamais tana yin aikin da "taɓa" ke yi a korarriyar jimla, domin Il n'a jamais voyagé shi ne bai taɓa tafiya ba. Plus kuwa tana ɗauke da ma'anar "daina" ko rashin "ƙara", Je ne fume plus shi ne na daina shan taba. Pas encore ita ce "tukuna" tamu, Le car n'est pas encore arrivé, motar ba ta iso ba tukuna.

Ƙa'idar da za a riƙe a nan ɗaya ce, wato jamais, plus, rien da personne ba sa zama wuri ɗaya da pas, amma su kansu suna iya jeruwa a jimla guda ba tare da sun warware juna ba. Bafaranshe zai ce Je n'ai jamais rien dit à personne, kuma ingantaccen Faransanci ne, kamar yadda Bahaushe zai ce "ban taɓa faɗa wa kowa komai ba". Duk wanda ya auna wannan jimla da ma'aunin Ingilishi zai ƙidaya korewa uku ko huɗu ya ce an yi kuskure. Akwai ɗan bambancin wurin zama da ya kamata a haddace, domin a shuɗaɗɗen lokaci rien tana zuwa kafin ainihin aikatau, personne kuma bayansa, sai a ce Je n'ai rien vu amma Je n'ai vu personne. Idan kuma su ne suka buɗe jimla, ne ba ta faɗuwa, kamar a Personne n'est venu, wato ba wanda ya zo, da Rien ne marche, wato ba abin da ke aiki.

Ina so in ɗan tsaya a kan ne … que, domin ita ce ta fi yaudarar ɗalibai, kuma ita ce Hausa ta fi warwarewa cikin sauƙi. Littattafai kan fassara ta da only su wuce, sai yaro ya rasa abin da ya kawo kalmar "ne" cikin jimlar da aka ce masa ba korarriya ba ce. A ɗauki misalin mai saye a kasuwar Maraɗi da ya ce Je n'ai que mille francs. Ɗalibinmu da ya ji je n'ai sai ya yanke cewa mutumin ba shi da jaka ɗaya, wato sefa dubu, alhali cewa ya yi ba shi da komai sai jaka ɗaya, wato jakar tana aljihunsa kuma tayi yake yi. Mai shago ya ce Il ne reste que deux sacs, ma'ana babu abin da ya rage sai buhu biyu, wanda bai gane ba ya juya ya tafi yana zaton kaya sun ƙare. Tsarin "ba … sai" ne sak, a kore komai sannan a toge abu guda, kuma muna yin sa dare da rana: ba mai yi sai Allah, ba ya zuwa sai ranar Juma'a, ba ta cin komai sai fura. Hasali ma idan aka fassara kalmar shahada zuwa Faransanci, da wannan tsarin ake kawo ta, Il n'y a de dieu qu'Allah, kamar yadda muke cewa babu abin bautawa da gaskiya sai Allah. Yaron da ya yi Islamiyya ya san korewa da togewa tun kafin ya sa ƙafa a ajin Faransanci, bai kamata a bar wannan sani a bakin ƙofa ba.

Akwai wata ƙa'ida da babu irinta a Hausa ko a Ingilishi, ita kam sai haddacewa da yawan aiki. Ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna, wato un, une, des, du da de la, suna komawa de idan aka kore jimla. J'ai une voiture ya koma Je n'ai pas de voiture, Il y a du sucre ya koma Il n'y a pas de sucre, Elle a des enfants ya koma Elle n'a pas d'enfants. Wannan ba ta shafi le, la da les ba, shi ya sa ake cewa Je n'aime pas le thé, kuma ba ta aiki bayan être, shi ya sa ake cewa Ce n'est pas une voiture. A nan ma Hausa tana ɗan taimakawa wajen rarrabewa, domin "ba ni da mota" da "babu sukari" suna maganar rashin abu ne, su ke ɗaukar de, amma "ba mota ba ce" tana musun ko mene ne abin, ita ce ke riƙe une. Tare da "ni … ni" ta Faransanci kuma waɗannan ƙananan kalmomi faɗuwa suke yi gaba ɗaya, sai a ce Je ne bois ni thé ni café, kamar dai mu ce ba shayi ba kofi.

Amsa korarriyar tambaya wuri ne da Hausa ke iya jefa ɗalibi rami, kuma littafin da aka rubuta domin Bature ba zai taɓa yi masa gargaɗi ba, tunda marubucin bai san da ramin ba. Idan aka tambayi Bahaushe "ba ka biya ba?" kuma da gaske bai biya ba, cewa zai yi "e, ban biya ba", idan kuwa ya biya sai ya ce "a'a, na biya". Muna gaskata maganar mai tambaya ne ko mu ƙaryata ta. A Faransanci, idan jami'i ya ce Vous n'avez pas payé?, wanda bai biya ba zai ce non, wanda ya biya kuma zai ce si. Wanda ya ce oui yana nufin "e, ban biya ba" ya jawo wa kansa ruɗani, mai yiwuwa ma a zarge shi da ƙarya. Ingilishi ba shi da takwarar si, amma Larabci yana da ita, wato bala, wadda duk almajiri ya karanta a Suratul A'araf, aya ta 172, a matsayin amsar korarriyar tambaya. Idan aka ce wa ɗalibi si ita ce bala, an gama magana. Irin wannan tarkon yana nan a "ni ma", wadda muke amfani da ita ko a tabbatarwa ko a korewa, alhali Faransanci ya raba su, moi aussi idan ana tabbatarwa, moi non plus idan ana korewa. Wanda aka ce masa Je n'ai pas compris, shi ma bai gane ba, amsarsa ita ce moi non plus.

Wani wurin da ke da hatsari shi ne kore wajibci. Ɗalibin da ke son cewa you don't have to go yakan rubuta Tu ne dois pas partir, alhali wannan hani ne, wato kada ka tafi. Il ne faut pas ma hani ne. Idan ana son cewa ba dole ba ne, sai a ce Tu n'es pas obligé de partir, ko Ce n'est pas la peine. Hausa ta riga ta raba "kada" da "ba dole ba ne" rabuwa ta sarai, don haka da ita ya fi dacewa a yi bayanin. Wannan yana kai mu ga rubuce-rubucen hani da ake gani a bango da jikin kaya, inda ne da pas ke haɗuwa wuri ɗaya kafin aikatau da ba a sarrafa ba. Duk wanda ya sayi magani a kantin magani a Damagaram ko Garwa ko Kwatano, idan ya juya kwalin zai iya cin karo da Ne pas dépasser la dose prescrite, wato kada a wuce adadin da likita ya rubuta, ko Ne pas avaler, wato kada a haɗiye, ko Ne pas laisser à la portée des enfants, wato kada a bari inda hannun yara zai kai. A ganina kwalin magani guda da malami zai shigo da shi aji ya fi shafi uku na jimlolin da aka ƙirƙira a kan yaran Paris, kuma darasi ne da zai iya tsare rai.

Dole kuma a gaya wa ɗalibai gaskiya game da Faransancin baka. A hira ta yau da kullum, a Faransa da ma ƙasashen Afirka, ne takan faɗi, sai ka ji Je sais pas, C'est pas grave, Y a pas de problème. Juyin da Jespersen ya bayyana ne ke ci gaba, pas ta karɓe aikin. Ɗalibin da aka horar da shi ya riƙa sauraron kalmar "ne" kaɗai zai tsallaka iyaka ya ji kamar ba mai kore magana a ƙasar. Abin ya fi tsanani da plus, domin idan ne ta faɗi, J'ai plus de riz tana iya nufin shinkafata ta ƙare, ko kuma ina da ƙarin shinkafa, kuma abin da ke rarrabewa shi ne furuci, ba a furta s ɗin ƙarshe a ma'anar ƙarewa, ana furta ta a ma'anar ƙari. Shawarata ita ce a horar da kunnen yaro ya gane maganar da babu kalmar "ne" a cikinta, a horar da hannunsa ya rubuta ta kullum, domin mai duba jarrabawar WAEC ko NECO ba zai yafe rashinta ba, wasiƙar neman aiki ma haka. A ɗaya gefen kuma, a rubutu mai zurfi akwai inda ne ke tsayawa ita kaɗai tana korewa, tare da aikatau irin su pouvoir, savoir, oser da cesser, akwai kuma inda take bayyana ba ta kore komai ba, kamar a avant qu'il ne parte, wato kafin ya tafi, da Je crains qu'il ne vienne, wato ina tsoron zai zo. Wannan na 'yan babbar sakandare da jami'a ne, amma masu fassara takardun hukuma su yi hattara da shi.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce. Za su ce tsarin koyarwa na zamani ya fi son a yi darasin Faransanci da Faransanci zalla, kuma ba duk ɗaliban aji ne Hausawa ba, wasu malaman ma ba sa jin Hausa. Amsata ita ce, duk wanda ya leƙa azuzuwanmu ya san ba da Faransanci zalla ake darasin ba, da Ingilishi ake bayanin nahawu, kuma da yawa daga cikin yaran Ingilishin nasu bai nuna ba. Tunda dai sai an jingina da wani harshe, me zai hana a jingina da wanda yaron ya mallaka, musamman a babin da kamannin suka fito fili haka? A yawancin makarantun gwamnati na Kano da Katsina da Sakkwato da Jigawa, har yaran da ba Hausawa ba da Hausa suke wasa a filin makaranta. Malamin da ba ya jin Hausa kuwa ba sai ya koyi harshen duka ba, jimloli goma sha da ya rubuta a takarda sun ishe shi, ɗaliban da kansu za su ƙarasa masa sauran.

Saboda haka ina kira ga sassan Faransanci da na Hausa a kwalejojin ilimi da jami'o'inmu, waɗanda sau da yawa a gini ɗaya suke, da su zauna tare su fitar da ɗan ƙaramin littafin kwatanta nahawun harsunan biyu, su fara da babin korewa, su kuma nemi gudummawar malaman Nijar da suka daɗe suna koyar da yara Hausawa da Faransanci kai tsaye. Ina kuma roƙon wannan jarida, ranka ya daɗe, da ta ware ɗan fili ko da sau ɗaya a mako domin darasin Faransanci cikin Hausa, saboda direbobi da fatake da ɗalibai masu bin hanyar Jibiya da Illela da Kongolam su samu abin karantawa da harshen da suke ji. Idan aka buɗe filin, a shirye nake in aiko da darussan farko.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Faransanci a makarantar sakandare,
Katsina.